Amsa ga Injiniya kan rediyon da zai saya ya kafa tasha a gida

(An rubuta wannan daga muryar da aka turo zaure, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.)

Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da dare. Injiniya ƙanena, na ji muryarka tun da la'asar, ban samu zama ba sai yanzu bayan isha'i. Bari in maimaita tambayar saboda waɗanda ba su ji ba. Ya ce lasisinsa na rediyon 'yan sha'awa, wato wanda mutum yake magana da masu sha'awa irinsa ta iska daga gidansa, ya kusa fitowa, ya tara 'yan kuɗi, yana so ya kafa tasha a gida. Abu uku ne a gabansa: Icom IC-7300 sabo, ko Yaesu FT-991A da wani ya ce masa shi ne komai-da-ruwanka, ko kuma wani tokumbo mai arha da aka yi masa talla, wai daga Japan za a kawo. Gidan a cikin gari yake, kuma sola da inbata suke aiki da su. Haka ne ko? Yauwa.

To, in amsa kake so kai tsaye, ni 7300 zan ce ka ɗauka. Amma don Allah kada ka tura wa kowa kuɗi a makon nan. Akwai aikin da za ka fara yi wanda ba ya cin ko sisi, kuma shi ne zai nuna maka ko rediyon zai yi maka amfani a gidan nan.

Ka nemo ƙaramin rediyon nan mai batir, mai gajeren zango, irin wanda iyayenmu suke kama BBC da Jamus da shi. Ka fita tsakar gida da shi, ka ja eriyarsa duka, ka juya zuwa wajen mita 41, wato kusa da megahaz 7, ka tsaya a inda babu tasha. Ka ji abin da ke fita. Sai ka sa yaro ya kashe inbata, kana riƙe da rediyon a kunnenka. In ka ji wannan zzzz ɗin ya faɗi, shirun ya dawo, to ka kama ɓarawonka na farko. Daga nan a kunna, a bi abubuwa ɗaya bayan ɗaya: kwantirolan sola, musamman irin MPPT da tsakar rana lokacin da yake caji sosai, ƙwayayen fitila na LED masu arha, cajar waya, fanka mai caji, talabijin. Ka matso da rediyon kusa da kowanne. Za ka sha mamakin yadda cajar waya guda, 'yar mitsitsiya, take cika zangon da ƙara. Ka yi wannan da rana, ka sake yi da dare, ka kuma yi lokacin da aka kawo wuta da lokacin da aka ɗauke kowa ya tada janareto.

Me ya sa na dage a kan wannan? Saboda sigina da za ka nema ba irin na BBC ba ne da suke turowa da kilowat ɗaruruwa. Mutum ne a ɗakinsa a Italiya ko Burazil da wat 100 da igiyar waya. In gidanka ya cika da ƙara, kamar a ce kana tsaye a gindin injin niƙa wani yana yi maka raɗa. Kunnenka lafiya lau, amma ba za ka ji ba. Rediyon miliyoyi da na 'yan dubbai, a wannan hali duk ɗaya suke. Masu rubuta sharhin rediyo a Turai da Amurka suna ta gardama kan wane ne ya fi wane jin sigina mai rauni, wannan gardamar ta masu zama a wurin da babu hayaniyar lantarki ce. Mu a cikin gari, allurar S-mita, mai auna ƙarfin sigina, tana iya tsayawa a kan 7 ko 8 babu kowa a kan iska, ƙara ce zalla.

In ƙarar daga gidanka take, alhamdu lillahi, tana da magani. A canza abin da ke kawo ta, a naɗa wayoyin inbata da na sola a zoben ferait mai tace ƙarar lantarki, a nisanta eriya daga fanel da wayoyinsu, ko ma a kashe inbata a lokacin da kake kan iska. In ta maƙwabta ce, sai lallami da zumunci. Wani lokaci saya wa maƙwabci ƙwan fitila mai kyau ya fi duk wata matatar da ke cikin rediyo aiki.

To, mu dawo kan rediyon. IC-7300 ya fito a 2016, kuma shi ne ya sa fasahar SDR, wato rediyon da manhaja ke sarrafa siginansa, ta shiga hannun talaka. Yana ɗaukar duk zangunan HF, wato gajeren zango mai zuwa nesa, har da mita 6, yana ba da wat 100. Abu uku nake so a jikinsa. Na farko allon nan da kake ganin sigina suna gangarowa a kai. Ga sabon shiga wannan babban abu ne, domin maimakon ka yi ta murɗawa a makance, da ido za ka ga inda ake magana, kuma da ido za ka ga ƙarar inbata ta jera layi-layi, ka gane ta. Na biyu, kebul ɗin USB guda ɗaya ya haɗa shi da kwamfuta, sauti da umarni duka, ba sai ka sayi wani akwati a tsakani ba. Na uku, ya yi yawa a duniya. Duk matsalar da za ka haɗu da ita, wani ya riga ka, ya kuma ɗora bidiyonta a YouTube. Mu da ba mu da wakilin kamfani a kusa, ba mu da mai gyaran da ya ƙware a kansu a kowace kasuwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Yana da nasa rauni, kada in ɓoye maka. Bakin eriya ɗaya gare shi. Tiyunar da ke cikinsa, mai daidaita rediyo da eriya, ba ta da faɗi, SWR, wato ma'aunin rashin daidaiton, in ya wuce 3 ba ta iya daidaita shi, don haka ba za ka jefa kowace irin waya a kan bishiya ka ce ta gyara ba. Kuma in kana kusa da wata babbar tashar watsa shirye-shirye, wani lokaci za ka ga OVF ya haska a allo, alamar sigina ya yi masa yawa, sai ka rage RF gain, wato ƙarfin kamawa, ko ka kunna abin rage ƙarfi. Duk ba wanda zai hana ka aiki.

In ka samu Yaesu FT-710 a farashi mai sauƙi, shi ma ka ɗauka ba tare da fargaba ba. Ya fito a 2022, ajinsu ɗaya, wat 100, tiyuna a ciki, har ana iya haɗa shi da babban allo. Ni dai na fi jin daɗin yadda Icom suka tsara maɓallansu, hannu yana saurin sabawa. Wannan kuma ra'ayina ne.

Sai maganar 991A. Rediyo ne mai kyau, ban raina shi ba. Abin da ya ɗara 7300 da shi, shi ne yana da zangon mita 2 da na santimita 70, wat 50 a kowanne. To amma ƙanena, da wa za ka yi magana a can? Waɗannan zangunan ba sa nisa, iyakarsu kusan inda eriya take hango eriya, sai in akwai rifita, na'urar da ke karɓar sigina ta sake watsa shi, a kan wani dogon bene ko dutse da zai ƙara musu zango. A garin da 'yan sha'awa suke da yawa, da rifita a sama, ya biya kuɗinsa. In ku biyu ne ko uku a garinku, ka biya kuɗin abin da zai zauna shiru. Kuma kunne ɗaya gare shi: in kana sauraron mita 20, ba ka jin mita 2. Ranar da kuka yi yawa, ƙaramin rediyon FM na daban zai yi muku wannan aiki, ka bar shi a kunne a gefe. Allonsa ma ya fi ƙanƙanta, abubuwa da yawa sai ka shiga cikin menu ka tono su.

Tun da na zo nan, bari in faɗa saboda sababbin da suka shigo zaure. Oba-oban nan na Baofeng da ake gani a kasuwa, wat 4 ko 5 ne, FM ne kawai, VHF da UHF, wato irin zangunan mita 2 da santimita 70 ɗin nan. Ba zai kai ka Turai ba, ba zai kai ka Legas daga Kano ba, ko me mai sayarwa ya rubuta a kwali. Kuma yana iya hawa mitocin da ba namu ba. Kada wanda ya danna shi a inda ba a ba shi izini ba.

To, tokumbon Japan. A nan nake so ka buɗe ido sosai. A Japan lasisinsu aji-aji ne, kuma kamfanoni suna yin rediyo daidai da kowane aji. Akwai IC-7300M, wat 50 ne. Akwai IC-7300S, wat 10 ne a HF. A hoto duk kamarsu ɗaya, sai ka duba harafin ƙarshe a takardar da ke manne a baya. Sannan iyakokin mitocin da aka buɗe musu na Japan ne, ba lallai su yi daidai da namu ba. Mu a rabon mitocin duniya muna Yanki na 1 ne, tare da Turai da Gabas ta Tsakiya, mita 40 namu daga 7.000 zuwa 7.200 yake. Don haka in sabo za ka saya ma, ka nemi wanda aka yi wa kasuwar Turai. In na hannu ne, sai an gwada shi a gabanka ko a gaban wanda ka amince da shi: a ɗaura masa domi lod mai om 50, wato abin da ke maye gurbin eriya lokacin gwaji, da mitar auna wat, a bi zango-zango ana dannawa, a ga yana fitar da cikakken ƙarfi a kowanne. Abin da ya fi mutuwa a tsohon rediyo shi ne taransistocin ƙarshe masu fitar da ƙarfin, kuma rediyon da nasa suka ƙone yana kamawa lafiya, yana magana lafiya a sifika, ba ka sani ba sai ranar da ka danna makirfo. Wanda ya ce ka tura kuɗi tukuna ya aiko a mota, ka ce masa Allah ya kawo kasuwa.

Yanzu kuɗin. Ka ce ka tara daidai kuɗin rediyo. To, a nan ne na ji tsoro, domin rediyon shi kaɗai ba tasha ba ne. Ba ya shiga soket. Wutar batir yake ci, bolt 13.8, kuma in yana turawa da cikakken ƙarfi yana jan amfiya wajen 21. Ke nan kana buƙatar fawa saflai, akwatin da ke mayar da wutar soket irin ta batir, mai amfiya 25 zuwa 30, wanda aka yi don rediyo, ba irin na kyamarar tsaro ko na fitilun ado ba, waɗannan su kansu masana'antar ƙara ne. In daga Amurka aka kawo shi, ka duba bayansa kafin ka jona, nasu bolt 120 ne, namu 230.

Ni a wurina, da yanayin wutarmu, batir na musamman ya fi. Ka ware wa rediyo batirinsa, mai bolt 12, ka caje shi da rana, da dare ka kashe inbata ka zauna a kansa cikin shiru. Yana saurare kawai, abin da yake ci bai wuce amfiya 1 da 'yan kai ba, batir mai 100Ah zai kai ka dogon lokaci. In hali ya yi, ka sayi litiyom irin LiFePO4, domin yana riƙe bolt ɗinsa a wajen 13 har ya kusa ƙarewa. Na ruwa kuwa, yana ɗan sauka ka danna makirfo sai bolt ya faɗi, muryarka ta fara karkarwa, wani lokaci rediyon ya mutu ya sake tashi. Wayar wutar ta zama mai kauri, gajera, da fiyus kusa da kan batir. Kuma Injiniya, na san tsarin solar gidanka bolt 24 ne ko 48. Kada ka ce za ka tsotsi 12 daga batir ɗaya a cikin jerin. Za ka lalata batiran, kuma kuskure ɗaya ya isa ya aika wa rediyon wutar da ba zai tashi ba.

Sai eriya, wadda ita ce rabin tashar, kuma ita ce mafi arha in ka yi da hannunka. Daifol kawai, wato waya mai hannu biyu da ake jona ta da rediyo daga tsakiya. Ka raba 143 da mitar da kake so a megahaz, ya ba ka tsawon wayar gaba ɗaya. Ta mita 20, wato megahaz 14, kusan mita 10 ke nan, 5 a kowane hannu. Ta mita 40 kusan mita 20 da ɗan ɗori. Ka yanka da ɗan saura, kana aunawa kana datsewa. Wayar wutar gida ta jan ƙarfe ta isa. Ka ɗaga ta iya ƙarfinka, ka nisanta ta daga rufin kwano, kuma ko kusa kada ta bi ta sama ko ƙarƙashin wayar wutar gari. In ta mita 20 ta kai tsayin mita 10, za ka ga aiki. Ka shimfiɗa ta gabas da yamma, domin daifol ta gefenta take harbawa, sai ta fuskanci arewa inda Turawa suke cike da iska. Ta mita 40 kuma ko ba ta yi sama sosai ba tana da amfaninta: siginan yana tashi sama ya dawo kusa, da rana ka yi magana da Abuja, da Sakkwato, da Maraɗi, da Damagaram. Kowaks, wato kebul ɗin da ke haɗa eriya da rediyo, ka nemi mai om 50, RG-213 in da nisa, RG-58 in kusa ne. Na dish da talabijin om 75 ne, kuma yawancin na kasuwa ragarsa ba ta kama dalma. Inda ya haɗu da eriya ka naɗe shi da kyau, in ruwan damina ya shiga ciki ya gama aiki.

To, in ka lissafa duk wannan ka ga kuɗin ba su kai ba, kada ka ci bashi, kuma kada ka sayi 7300 ka ajiye shi a kwali kana jiran kuɗin batir. Ka sauko ka ɗauki Xiegu G90. Na China ne, wat 20, kuɗinsa bai kai rabin na 7300 ba, tiyunarsa kuma tana da faɗi sosai, ƙaramin batir ya ishe shi. Na san za ka ce wat 20 ina zai kai ni. Ka riƙe wannan lissafi: sai ka ninka ƙarfi sau 4 kafin allurar wanda ke jin ka ta ƙaru da mataki ɗaya. Tsakanin 20 da 100, mataki ɗaya ne da ɗan kai. Ranar da zango ya buɗe, bambancin ba zai hana a ji ka ba. Ranar da ya yi nauyi, a nan wat 100 yake nuna kansa, musamman a murya, shi ya sa na fi so ka kai can in da hali.

Kuma kana da wata gata da ba ka sani ba tukuna. Lambar kiranka, wato sunanka a kan iska, da 5N za ta fara. 'Yan uwanmu na Nijar 5U, Chadi TT, Kamaru TJ, Gana 9G. Masu wannan sha'awa a Turai da Japan da Amurka dubbai ne a kowace ƙasa, mu kuwa 'yan tsiraru ne, kuma suna tara ƙasashe ne, kowa yana so ya rubuta ya yi magana da Najeriya. Ka kira CQ, wato kiran duk mai ji ya amsa, a mita 20 da yamma, su za su yi ta rububin ka. Ba kai za ka yi ihu a ji ka ba, kai dai ka iya jin su. Ka ga mun sake komawa kan ƙarar inbata.

In ƙarar ta gagara gaba ɗaya, akwai FT8. Joe Taylor, wanda ya ci kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 1993, shi da Steve Franke suka fito da shi a 2017. Kwamfuta ce take magana da kwamfuta, daƙiƙa 15 kai, daƙiƙa 15 shi, a 14.074 in mita 20 ne, kuma tana tsamo siginan da kunne ba ya ji sam. Ba hira ba ce, musayar lamba ce da rahoto, amma za ta nuna maka inda eriyarka take kaiwa. Sai dai ka rage wuta zuwa wat 30 ko 40, domin a cikin daƙiƙa 15 ɗinka turawa yake ba hutawa, kuma zafin Afirilu a ɗaki mai kwano ba wasa ba ne. Ka bar wa fankar baya sarari, kada ka manna shi da bango. Agogon kwamfutar kuma ya zama daidai, in ya kauce da daƙiƙa biyu za ka ga allo fayau.

Abu biyu na yanayinmu. Damina: da ka ga hadari ya haɗo, ka cire kowaks daga bayan rediyo gaba ɗaya, ka fitar da bakinsa waje, ka zare wuta. Kashe maɓalli ba ya hana aradu. Ka kafa sandar atin ta kirki, wato ƙarfen da ke kai wuta cikin ƙasa, ka haɗa ta da ta gidan. Hunturu kuma: busasshiyar iska mai ƙura tana tara caji a kan doguwar waya, har ka ji ƙyas-ƙyas a bakin kowaks in ka kusanto da shi ƙarfe. Wannan yana iya kashe kunnen rediyo ba tare da ko gajimare a sama ba. In ba ka aiki, eriya a cire, rediyo a lulluɓe da ƙyalle.

Sai takarda. Kada ka danna makirfo sai lasisi da lambar kira sun zo hannunka. Sauraro dai ka yi ta yi, akwai WebSDR da KiwiSDR, rediyoyin da ake saurara ta intanet, kyauta, ka koyi yadda ake kira da yadda ake amsawa tun yanzu. Ka nemi 'yan Nigeria Amateur Radio Society, su ne ƙungiyarmu a ƙasar nan, ka tambaye su ƙa'idar shigo da irin wannan kaya kafin ka biya, kada ya zo ya maƙale a hannun kwastan. Kuma da halin tsaron da ake ciki, mutum ya ga dogon ƙarfe da wayoyi a gidanka, ya ji kana kiran haruffa da Turanci da tsakar dare, zuciyarsa za ta raya masa wani abu. Kafin ka ɗaga eriya ka je wurin mai unguwa da takardarka, ka sanar da ofishin 'yan sanda na yankinku, ka kira maƙwabta su shigo su gani, ka bar yaransu su ji muryar wani daga wata ƙasa. Kwafin lasisi ɗaya a manne a bango kusa da rediyo, ɗaya a aljihu. Kuma a tuna, ba a ciniki a kan wannan iska, ba a sa kiɗa, ba a magana a ɓoye cikin lambobin sirri.

Gobe in Allah ya kai mu, ka yi gwajin ƙaramin rediyon nan, ka ɗauko mana sautin da inbata a kunne da kuma a kashe, ka turo zaure. Ka auna tsakar gidan daga katanga zuwa katanga, ka gaya mini ta ina wayar wutar gari ta bi, da inda fanel suke, da ko akwai bishiya ko tankin ruwa mai tsayi. Ka haɗo da hoton takardar bayan tokumbon nan in mai shi zai yarda ya ɗauka. Daga nan sai mu yanke tsawon wayar tare. A gaida mutanen gida. Wassalamu alaikum.